Ranar da na durƙusa saboda mai yawon Turai

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Guangzhou ta ƙasar Sin ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai. Na je saro takalma a kasuwar Zhanxi, yadda na saba shekara da shekaru. Ni ban yi boko ba, da ido da yatsa nake cinikina.

Ina da jika, Habibu, ni na goye shi bayan rasuwar uwarsa. Injiniya ne a Faransa. Duk Hajiyar da muka taɓa haɗa masauki, na cika mata kunne da labarinsa. Na roƙe shi ya zo gida Babbar Sallah, shekara huɗu rabona da shi, ya ce aiki ya riƙe shi. Na haƙura.

Ina cikin wani shago sai hotuna suka shigo wayata. Ga Habibu da sanda a hannu, ƙatuwar jaka a baya, ya yi baƙi, ya rame, takalmi duk laka. Ga shi a gefen gona. Ga shi a gindin bishiya yana cin busasshen burodi. Ga wani ɗaki, gadaje a jere kamar asibiti. Akwai rubutu a ƙasa (girman kai ya hana ni miƙa wa wani ya karanta mini). Ni da na taka sayyada daga ƙauyenmu zuwa kasuwa da gyaɗa a ka, na san abin da ke sa mutum tafiyar ƙasa kwana da kwanaki. Babu ce. Na ce shi ke nan, sun kore shi daga aiki.

Da aka sauko Juma'a na nufi gidan abincin da mutanenmu ke taruwa. Na sami Alhaji Sani, mai tura mana kaya Kano, na zube a gabansa, da furfurata, jama'a na kallo.

"Alhaji, ka rufa mini asiri. Ko aikin ɗaurin kwali ne a nan kasuwar Canaan, ka samo wa jikana Habibu."

"Subhanallahi! Hajiya, kira shi mu ji daga bakinsa."

Aka kira, aka ɗaga wayar kowa na gani. Sai ga Habibu yana washe baki, shanu da koren tsauni a bayansa.

"Amaryata! Kin ga hotunan? Kwana goma sha takwas muna tafe, ƙauye zuwa ƙauye. Hutun bazara nake, wata guda suka ba ni."

"Motar taka fa?"

"Tana gida. Ai daɗin a ƙafa yake, tsohuwa."

Sai Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi, wadda ta fi kowa shan labarin Habibu a bakina, ta ajiye cokali.

"Wata guda? To ai da Kano ya nufa, da yanzu ya kusa Agadas."

Aka bushe da dariya, har Basiniyar da ke kawo shayi (ita da ba ta ji komai ba). Ni kuwa ina nan a durƙushe, gwiwa ta ƙi tashi, sai da mutum biyu suka ɗaga ni. Ba dariyar ce ta ƙona ni ba. Yaron yana da hutu, yana da ƙafa, ya zaɓi ya je kallon shanun Turawa.

Na koyi abu biyu, jama'a. A can, sai wanda ya ƙoshi ke yawo a ƙasa. Sannan kafin ki zubar da girmanki a gaban mutane saboda wani, fara bincika ko shi zai yi taku goma dominki.