Rasuwar Hajja Mai Kala, Monitar da Ta Ɓoye Ciwonta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da bai gama bushewa ba, ni Umara Bobbo, mai makarantar koyon kwamfuta a Dogo Tebo, Potiskum, nake sanar da rasuwar monitata, wato talabijin ɗin kwamfutata, Hajja Mai Kala, ranar Laraba da hantsi, a wannan shekara ta 1997.

Marigayiyar 'yar gwanjo ce, amma mai kunya. Ba ta taɓa ɗaga murya ba, in ban da "tsss" ɗin da take yi in an kunna ta. Ta sha mari a hannun ɗalibai duk sanda hoto ya yi rawa, ko sau ɗaya ba ta rama ba.

Wata bakwai na yi a gabanta ina gyara littafin jagorar edita, wato manhajar da muke rubuta wa kwamfuta umarni a ciki. Babin launuka ya fi ba ni wuya. Abin da ta nuna mini shi na rubuta: kalmomin umarni kore shar, sauran rubutu ruwan bula, kuskure kuwa baƙi ƙirin. Na buga kwafi sittin, da sunana ɓaro-ɓaro a bango, domin ajin da zai fara ranar Litinin.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ta ce "fus", ta yi ƙauri, ta rufe ido.

Sai da abokina Yaji ya kawo mini aron monitarsa daga Damagum na gane ashe baiwar Allah da ciwonta ta zo, ta ɓoye mini. Sam ba ta iya nuna ja. Korenta ruwan ɗorawa ne, ruwan bularta fari fat, baƙinta kuwa ja wur. Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara biyu sakatariyata Asta tana cewa a inda ta yi karatu kuskure ja yake fitowa, ni kuma ina yi mata dariya, wai Hausarta ce ba ta nuna ba. Asta, ki yi haƙuri, kin ga ina cikin makoki.

Ta rasu ta bar kibod mai giɓi biyu, da firinta mai tari, da ni marayan da kunya ta ishe shi.

Za a kai ta makwancinta, ƙarƙashin bencin Abu mai gyaran rediyo, ranar Asabar bayan la'asar. Daga nan a wuce makaranta zaman makoki. Kada kowa ya wahalar da kansa da goro. Mai ta'aziyya ya zo da jan biro, kwafi sittin na jiran gyara kafin Litinin.