Safiyar da Na Goge Gonar Malam Ɗanjuma

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kai taswira Kaboji ba, kuma ko na so in manta, mutanen can ba za su bar ni ba.

Aikin safiyo na yi har na tsufa. Na auna ƙasa a Sudan da Nijar da Kwaddebuwa. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, ga Nufancin da na tsinta a ɗakin kakata. Da na yi ritaya na dawo Kontagora, 'yata Hajara, wadda ke koyar da kwamfuta a wata sakandare, ta nuna min yadda ake rubuta manhaja. Na ɗauka wani yare ne kawai na ƙara a kan waɗanda nake ji (nan girman kai ya fara, ban lura ba).

Gaskiya abin ya ba ni mamaki. Na ga masu zayyana a Alƙahira, na tsaya a Kumasi ina kallon masu fentin jikin motoci, dukansu da hannu suke yi, hannu kuwa yakan yi rawa. Nan kuwa sai ka rubuta wa na'ura cewa ta ja koren layi daga wuri kaza zuwa wuri kaza, kafin ka ɗaga kai ta ja, babu karkata, babu tawadar da ta zuba. Ka ɗora maɓalli a kan taga a fuskar kwamfuta, ka raɗa masa suna, ka gaya masa abin da zai yi in an danna shi, ya kuma yi. Akwai ranar da na wuni ina sa ta zana da'ira ina gogewa, shayina ya huce ban sani ba.

Ana nan sai ƙungiyar manoman Kaboji ta nemi in sake auna mata fadamar da suke nomawa. Duk shekara sai an yi rigimar iyaka, mafi zafi tsakanin Malam Ɗanjuma da maƙwabcinsa Audu, har sun daina gaisawa. Shugaban ƙungiyar ya ce in kowa ya yarda da awona, za a kafa duwatsun iyaka kafin ruwa ya sauka. In mutum ɗaya ya ƙi, an koma gidan jiya. Na auna, na zauna na gina manhaja: kowace gona da launinta, ga hoton bishiyar da ke bakinta, in ka danna gona ƙaramar taga ta buɗe da sunan mai ita.

“Baba, kawo in gwada maka kafin mu tafi,” in ji Hajara.

“Ke dai ki riƙe min majigi,” na ce mata.

A wani ajin firamare aka taru. Aka tayar da janareta, na kunna tsohuwar kwamfutata, fadama ta bayyana a bango. Wani dattijo ya tashi ya shafa bangon, ya ce, “Ikon Allah! Ga tsamiyata.” Ni kuwa ina ta bayani, ina sako sunayen garuruwan da na yi aiki ba tare da an tambaye ni ba.

Na danna gonar Malam Ɗanjuma. Ƙaramar tagar ta buɗe, ta zauna daidai kan gonar.

“Alhaji, matsar da wannan abin, ya rufe min gona,” in ji Malam Ɗanjuma.

Na kama tagar da linzamin kwamfuta na ja ta gefe. Inda ta tashi, babu gona. Fari fat, kamar an shafe da farar ƙasa.

“Ina take?” in ji shi.

Na ce tana zuwa. Na sake jan tagar ko za ta dawo da abin da ta ɗauke, sai ta bi ta kan gonaki huɗu ta share su, har da tsamiyar dattijon nan. Na ja ta sama, rafi ya tafi. Gonar Audu kaɗai ta rage a wannan kusurwa, koriya shar.

Malam Ɗanjuma ya miƙe. “To! Dama na faɗa. Tawa ta ɓace, ta Audu tana nan. Alhaji, a gidan wa ka ci tuwo ranar awo?”

(A gidan Audu na ci. Wannan ne ya ƙara kashe ni.)

Aji ya kaure. Wasu na dariya, wasu na magana da Kambarci, wanda ba ya cikin yarukan da nake taƙama da su, amma na gane ba yabona ake ba. Zufa ta jiƙa min hula.

Hajara ta ajiye majigi ta matso, ta rage murya. “Baba, a ina ka sa umarnin zanen?”

“A maɓallin buɗewa.”

“Shi ya sa. Sau ɗaya ka zana. Fuskar kwamfuta ba ta ajiye komai. Duk sanda wani abu ya rufe wuri ya tashi, sai na'ura ta tambayi manhaja me ke nan da, ita kuma ta sake zanawa. Taka an tambaye ta, ta yi shiru.”

Ina cikin kunyar ma sai da tsigar jikina ta tashi. Ashe duk abin da nake gani a fuskar nan, maɓallai da hotuna da rubutu, ba zaune suke ba, sake zana su ake yi a kai a kai, da saurin da ido ba ya kamawa. Wata da watanni ina kallon wannan aiki ban san ana yi ba.

Ta ɗauke layukan nan ta mayar da su inda ya dace. Ko minti biyar ba ta yi ba fadama ta dawo.

Malam Ɗanjuma bai yarda ba tukuna. Ya ce a ba shi “abin jan”. Mutumin da bai taɓa riƙe linzami ba ya kama shi da hannu biyu, ya ja tagar kan gonarsa, ya janye. Tana nan. Ya maimaita ya fi sau goma. Sannan ya ja ta kan gonar Audu, ya daɗe bai janye ba, har Audu ya ce, “Malam, a sake min gona ta sha iska mana.” Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ya ajiye linzamin ya ce wa shugaba a kafa duwatsu.

Tun daga ranar, in na gina abu, wanda ya fi kowa zargina nake fara miƙa wa ya jajjagula. Mai yabo kallo kawai yake yi, mai zargi shi ke matsar da taga. Har yau kuwa in muka haɗu a kasuwar Kontagora, Malam Ɗanjuma ba ya tambayar iyali sai ya fara cewa, “Alhaji, gonata tana nan ko?”