Lasifika Ta Yi Shiru, Dala Ta Gudu

Jama'a, ku taya ni jaje. Shekaranjiya na kwanta barcin rana ina ɗan kasuwar canji, na farka ina mai sharar titi.

Tun da na ajiye tuƙin bas, maƙwabciyarmu Kuwabara mai sayar da tofu, wato awara, ta koya mini cinikin dala da yen, kuɗin ƙasarmu, a waya. Ta ce, "Kai Okabe, kasuwar nan da safe hamma take yi. Da rana kuma 'yan banki na can suna zuƙar taliya. Sai an yi kiɗan ƙarfe biyar, 'yan Landan sun zauna a kujerunsu, sannan take motsi. Ka saya da hantsi, ka je ka miƙe, kiɗa na tashi ka sayar."

Kiɗan kuwa kun san shi, wanda lasifikar gari ke saki kullum da yamma don yara su koma gida. Tun ina ɗan makaranta bai taɓa fashi ba. Shi ke tashina, don bayan bautar da na yi wa jadawalin bas, na rantse ba ni ba agogon ƙararrawa.

Matata Fumie, wadda asusun gidan ke hannunta kamar kowace matar kirki a ƙasar nan, ta yarda bisa sharaɗi. Jarina shi ne kuɗin aljihun da take ba ni. Ranar da ya narke, waya ta koma wurinta, ni kuma in shiga ƙungiyar tsofaffi masu sharar ganye.

To, ranar na sayi dalata, na ci shinkafa, na cusa ƙafafu ƙarƙashin teburinmu mai na'urar ɗumama ƙafa. Ƙamshin gasasshen kifi ne ya tashe ni, gari ya yi duhu, kiɗa kuwa bai tashi ba. Ashe dala ta ɗaga kai ta neme ni, ba ta gan ni ba, ta gangara da jarina. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Washegari na nufi ofishin hukumar gari. Na ja lamba, na bi layi, taga ta miƙa ni ga taga. Wani ma'aikaci ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Ya ce an kwance tsofaffin lasifikun, an kafa sababbi.

Na ce, "Tsofaffin sun lalace ne?"

"A'a, ranka ya daɗe, lafiyarsu lau. Kasafin bana ne ya yi saura."

"To sababbin fa, kurame ne?"

"Ba a ƙaddamar da su ba tukuna. Mai Girma Uban Kwamitin Kiɗan Yamma ya tafi Turai nazarin yadda ƙararrawarsu ke kaɗawa. In ya dawo zai yanka kirtani."

Ya ƙara rusunawa. Kai, a fagen ban haƙuri dai babu na biyunmu! Wannan Mai Girman ne fa ya bi unguwa lokacin zaɓe, da fararen safar hannu, yana ihu a mota cewa zai zama muryar talaka. Ya cika alkawari: talaka shiru, lasifika shiru.

Da na kai wa Kuwabara ƙara, ko kallona ba ta yi ba, tana yankan tofu. "Jarinka guda ka ɗora a kan abin hukuma? Tsufa dai bai ƙara maka komai ba."

A gida ba a yi shari'a ba. Fumie ta shimfiɗa hannu, na ɗora waya, ta ɗora mini tsintsiya.

Yau da na dawo daga shara sai na tarar da ita da tabarau, tana latsa wayar kamar wadda aka haifa a banki. Na ce, "Yaushe kika koya?"

Ta ce, "Haba Baban Emi. Kana tsammani ribar da kake gani a bara ta kiɗa ce? Ni nake gyara ɓarnarka kafin ka farka. Shekaranjiya ne kawai na tafi gyaran gashi."

Don haka mai tambayar lokacin da ya fi dacewa da cinikin canji, a gidanmu dai an gano shi: lokacin da maigida ke minshari. Mai Girma kuma don Allah kada ya yi gaggawar dawowa, ya ƙaro ilimi sosai. An ce in riba ta ɗore za a saya mini sabuwar tsintsiya.