Muryar da Na Ɗora wa Amarya

Ko tsufa ya zubar mini da haƙora, ba za ni manta da yammacin da na haska fim ɗin bikin Yaya Sani a rugar surukansa, can bayan Gangara ba.

Ni dai tun ina sakandare a Isa littattafan soyayya suka gama da ni. Na yi imani duk kyakkyawar da ke tafiya akwai kiɗan da ke binta, kunnuwanmu ne kawai ba su ji. Da na samu waya mai kyamara da tsohuwar kwamfuta, sai na naɗa kaina darakta, na ce ni za ni ɗauki bikin. Gaskiya ba don Yaya na yi ba. Amaryarsa Dije tana da ƙanwa, Hajo mai wushirya, kuma mahaifinsu, Baffa Jauro, ya riga ya ce ba ya ba da ɗiya ga wanda sana'arsa leƙen mutane ta cikin waya. In fim ɗin nan bai sauya masa ra'ayi ba, ni da Hajo sai kallo daga nesa.

Hoto ya yi kyau. Wurin da na fi so shi ne inda Dije ta fito daga bukka a lulluɓe, na rage gudun hoton har mayafinta yana tashi a hankali. Amma babu sauti, sai abin ya zama fura ba nono. Na sa piyano irin na finafinan kasuwa, ta koma kamar mai tallan sabulu. Na sa kalangu, ta zama kamar za ta shiga filin dambe.

Sai na tuna wata murya da na naɗa ranar da muka kai lefe. Daga fadama ta taso, ban ga mai ita ba. Babu kalma ko ɗaya a ciki, dogon sauti ne mai hawa da sauka, ƙarshensa yana rawa. Nan take na yanke hukunci cewa masoyi ne aka raba da masoyiyarsa (har hawaye na matse masa, Allah shi ne shaida). Na ɗora ta a kan tafiyar Dije, na ƙara mata amo, na zauna ina jinjina wa kaina.

Ranar haskawa na je da janareta da talabijin, na kuma aro lasifikar wani mai tallan magani, irin wadda ake ji daga wannan ƙauye zuwa wancan. Bayan la'asar aka taru ƙarƙashin tsamiya, maza a tabarmi, mata a gefe da ƙoren fura. Shanu sun dawo kiwo suna kwance can nesa. Ni kuwa ina tsaye cikin babbar rigar aro, ina satar kallon Hajo.

Dije ta fito a talabijin, murya ta tashi. Wuri ya yi tsit. Baffa Jauro ya ɗago kai da sauri. Na ce a raina, shi ke nan, na taɓa zuciyar tsoho.

Sai na ji ƙasa tana girgiza.

Jama'a, garken ne gaba ɗaya, a guje! Mata suka watse da salati, fura ta malale, wata saniya ta tafi da wayar janareta a ƙafa, wani farin bijimi ya tsaya gaban lasifika yana lasarta. Darakta fa? Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a reshen tsamiya, rabin babbar riga a hannuna, rabi a ƙaya.

"Darakta, sauko mana!" Hajo ce, tana riƙe da ciki don dariya. "'Yan kallonka sun iso, kai kuma ka gudu?"

Da aka kora shanun na sauko, Baffa ya yafuto ni. Na durƙusa.

"Kai Kaɗo, ina ka samu muryata?"

"Taka ce, Baffa?"

"Ta wa? Da wanga kira nika ba su kanwa."

Kiran kanwa! Masoyin da na yi wa kuka ashe surukin yayana ne yana kiran shanu su zo lasa. Na so ƙasa ta tsage.

"Ɗaure wayar janaretan nan, ka sake sa shi," in ji Baffa. "Amma rage murya."

Na ɗaure wayar, na sake sa shi. Ya matso dab da talabijin, ya kalli Dije tana fitowa a hankali, muryarsa tana binta. Dije ɗiyar fari ce, a al'adarsu ko sunanta ba ya faɗa, kuma ranar da aka ɗauke ta daji ya shiga don kunya.

"Ran nan ban ce mata komai ba," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Ga shi ka sa na raka ta."

Ya goge ido da gefen rawani, ya yi gyaran murya kamar ba shi ba.

"Wanga leƙe naka, na gani, sana'a ne. Ka zo zance ran Juma'a. Amma lasifikar nan, in na sake ganinta a rugata, da sanda za mu gaisa."

A hanyar komawa garinmu Turba, babur nake tuƙawa, amma wallahi ji nake kamar tashi nake yi, yagaggiyar rigar tana kaɗawa a bayana.

Tun daga ranar, kafin in ɗora wa hoto kowane sauti, sai na tambayi wa aka yi dominsa, kuma ko yana da ƙaho.