Yadda Angarib Ya Kayar da Ni a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je nema wa Usman, ɗan marigayi yayana, aure a wani ƙauye kusa da Rufa'a, a nan Sudan. Har yau in na tuna sai na rufe fuska da rawani, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Rashin barci ne ya ja mini. Shekarar da ruwa ya yi ta yanke mana a hawasha, gonata ta noman rani, barci ya ƙaurace wa idona. Ruwa ya dawo, dawa ta yi kyau, amma barci ya ce shi bai san zancen ba. Na sha ƙwaya har na gaji, da rana ina layi kamar ɗan maye. Daga ƙarshe mai ɗakina Hawwa ta tasa ni gaba zuwa Managil, wurin wata diktora da ke maganin irin wannan da magana kawai.

Ni da na je karɓo ƙwaya mai ƙarfi, sai ta ce ma wadda nake sha za mu rage a hankali. Ta kafa mini dokoki: ba barcin rana, ba kofi bayan azahar. Sannan babbar: "Gado na barci ne kawai, ya Haj. Kada ka zauna kansa kana hira ko lissafin duniya. So nake jikinka ya koya, da ya taɓa gado sai barci."

A ƙasar nan fa! Inda angarib, gadon igiyar nan, shi ne kujerarmu, a kansa ake karɓar baƙo, a kansa ake shan shayi. (Daga baya ta ce gadona na ɗaki take nufi, ba kowane gado na Sudan ba. Amma ni in na riƙi abu na riƙe shi ke nan.) Na bi doka, kuma wallahi barci ya dawo. Sai dai ban gaya wa kowa ba. A wajenmu in aka ji ka je wurin likitan ƙwaƙwalwa, an gama da kai, kuma babu mai ba zuriyarka mata. Ga shi Usman ya mutu a kan yarinyar da za mu nema masa, Amna.

Ranar tafiya na yi sammako da ƙanena Sale, bayan na kwana ina bitar jawabin da zan yi. Muka isa rana tsaka. Mahaifin yarinyar, Haj Babikir, ya tarbe mu a rumfa, dattawa sun jeru a kan gadaje, an ware mini mafi kyau har da sabon zanen gado. Ni kuwa na ja dardumar salla na zauna a ƙasa.

"Subhanallahi! Baƙo a ƙasa?"

Na ce bayana ke ciwo. Aka ci kisra, wainar dawar nan marar kauri, da miyar kuɓewa da naman rago, na cika ciki. Aka kawo jabana, kofinmu na gargajiya, tana ƙamshin citta, na ce na gode. Nan fuskar Haj Babikir ta sauya. Sale ya dinga zungurina da gwiwar hannu.

"Ya zol, bawan Allah," in ji shi, "ka ƙi gadona, ka ƙi kofina. Mi muka yi maka? Na rantse da igiyar aurena, sai ka hau angarib ɗin ga!"

To, ina zan kashe auren dattijo ni da na zo ƙulla wani? Na hau. Wani ɗan albarka ya tura mini matashi a baya. Na gyara murya na ce, "Haj, bayan gaisuwa, abin da ke tafe da mu..."

Iyakar abin da na sani ke nan. Jikina ya koyi darasin diktora fiye da yadda na zata.

Na farka rana ta yi sanyi, an idar da la'asar ba ni. Rawanina a ƙasa, miyau a sabon matashin mutane, mata a bayan zana suna ƙunshe dariya. Sale ya ce munsharina har akuyar gidan ta amsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, na kashe auren marayan Allah da bakina a buɗe.

Haj Babikir ya ja hannuna zuwa bayan rumfa. "Kwantar da hankalinka, ƙanenka ya yi magana, mun ba ku Amna." Sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Amma tsakaninka da Allah, wace ƙwaya kake sha? Ni rabona da barci irin wanga tun rasuwar babban ɗana."

Na dubi jajayen idanunsa, na ji kunyar ƙarya ta fi ta munshari. Na gaya masa komai, har diktora. Sai ya ƙara matsowa kusa da ni.

"Wace rana take zama?" in ji shi.

Yanzu Amna na goyon ɗanta na fari. In na je gidan, dattawa na kan gadaje, ni da Haj Babikir muna kan tabarma muna kurɓar karkade, wato zoɓo, babu mai tambayar dalili. Na koyi cewa abin da kake ɓoyewa a ƙarƙashin rawani, wanda kake ɓoye wa ma da shi yake yawo. Kuma in za ka neman aure, tafi da ƙane mai ido biyu.