Ranar da Na Kashe Oga Emeka a Jikin Riga

Ko me zan manta a duniya, ban da Asabar ɗin da na kashe mutum yana tsaye a gabana.

Sana'ata buga hoto da rubutu a jikin riguna, shagona yana Tudun Wada. Oga Chinedu kuwa bakanike ne a Kakuri, shi ke gyara min babur tun ina saurayi. Ciwon mantuwa ya kama shi, ya yi ta cinsa har ya daina gane matarsa, daga baya ya rasu. Da shekara ta zagayo sai 'yarsa Ngozi ta zo wurina. Ta ce za su yi tattakin tunawa da shi, su sayar da riguna masu hotonsa, abin da aka samu a ba likitocin da ke binciken ciwon.

Ta buɗe hoto a wayarta, mutum biyu a zaune. "Baba, bari in nuna maka wanne ne."

Ni kuwa sarkin iyayi na ɗaga mata hannu. "Haba Ngozi, ni za ki nuna wa Oga? Kafin a haife ki na san shi." (Bakin nan nawa, Allah ya shirye shi.)

Na zaɓi mai kumatu da murmushi, na yanke wani tsoho ramamme da ke gefensa. Na buga rigunan, na ɗure a buhu, ban kai ba sai da safiyar tattakin.

Ngozi ta zaro riga ta farko, ta ƙura mata ido. Wani mutum ya matso, ya dubi rigar, ya dube ni. Fuskarsa ce ɓaro-ɓaro, da addu'ar samun hutu a ƙarƙashi. Ashe Oga Emeka ne, ƙanin mamacin. Ramammen da na yanke shi ne Oga Chinedu, ciwo ya mayar da shi haka.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Ga jama'a sun taru, ga Ngozi na hawaye, kuma rigunan nan su kaɗai za a sayar.

Oga Emeka ya ce, "Malam, yaushe na mutu ba a gaya min ba?"

Sai matar mamacin ta karɓi rigar ta shafa hoton. "Ku bar ta haka. Kafin ciwon, haka mijina yake sak. Wannan fuskar na aura."

Sai Oga Emeka ya zura tasa ya shige gaba. Duk inda muka bi sai an tare shi: "Oga, ba kai ne a rigar ba?" Shi kuma ya tsaya ya ba da labarin yayansa, ya ce ciwo ne, ba mayu ba, kuma likitoci na neman maganinsa. Kafin mu kai Unguwar Sanusi buhun ya zama wayam, Ngozi tana dariya tana share ido.

Bana ma za a yi, kuma ni aka sake ba aikin. Amma yanzu ko hoton mahaifina aka kawo min, sai an ɗora yatsa a kansa. Jiya Oga Emeka ya leƙo shagon ya ce, "Malam, bana dai ina raye ko?"