Ranar da Na Aza wa Turawa Rumbu Bisa Rufi

Ba za ni taɓa mantawa da zangona na farko a aikin koyarwa ba. Wata 'yar firamare ce a wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, a shekara ta biyu da ruwa ya ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. An ɗauke ni malamin gwaji, aka kuma faɗa mini ƙarara cewa ƙarshen zango mai duba makarantu za shi zo daga Sakkwato. In ya yaba a tabbatar da ni, in bai yaba ba in koma gona. Wace gonar? Albashina shi ne dawar da mutum goma sha ɗaya ke ci a gidanmu.

Duk da haka, da ka gan ni ka ce ni na haifi Turanci. Wando mai kari, biro biyu a aljihu (ɗayan ba ya rubutu, na ado ne), ina tafe ina taka ƙasa a hankali kamar ta wani ce.

Aji huɗu aka ba ni. Wata rana muka iso darasin gidaje a littafin Turanci, shafi guda cike da hotuna, kowane sashe na gida an ja masa kibiya an rubuta sunansa. Da farko abin ya zo mini da sauƙi. “Hut” na ce bukka, “window” taga, “veranda” baranda, “roof” rufi. Gidan da aka ɗora bisa wani na ce bene ne, har na ƙara da cewa na gan shi da idona a Gusau (daga cikin mota ne, amma ban ga dalilin faɗin wannan ba). Yara suna maimaitawa, ni ina kaɗa kai kamar alƙali.

Sai muka zo gida na ƙarshe, na jan bulo, da wani dogon abu mai kusurwa huɗu tsaye bisa rufinsa, ɗan hayaƙi na fita ta kansa. An rubuta “chimney”. Wallahi ban taɓa ganinsa ba, ban taɓa jin labarinsa ba. Ina shirin tsallake shi a ɓoye, sai wata yarinya mai suna Hassi, ɗiyar maginin garin, ta ɗaga hannu.

“Malam, wanga gida ina rumbunshi?”

Tambaya ce mai ma'ana. A lokacin ba abin da kowa ke tunani sai rumbu, da abin da ya rage a gindinsa. Kuma yaran sun ji cewa jar dawar agaji da ke shigowa ta wajen Maraɗi daga ƙasar Turawa take. Mutanen da ke da hatsin kyauta har haka, a ce gidansu ba rumbu? Ni kaina abin bai shige ni ba. Na dubi hoton, na dubi yara arba'in da wani abu da ke kallona, sai Shaiɗan ya miƙo mini amsa a faranti.

“Ga shi kuwa kina gani,” na ce, na aza tsinken nuni bisa dogon abin. “Su bisa rufi suke gina nasu, don awaki da ɓeraye.”

“To hayaƙin fa, Malam?”

“Turare ne suke yi wa hatsin, don ƙwari.”

Ajin ya ɗauki “Ohoo”. Ni kuwa daɗi ya kama ni, don amsar ta zauna daram, har na fara yarda da ita. Kafin a tashi na rubuta musu jimla a allo da Turanci, cewa a nan ne Bature ke ajiye geronsa, suka haddace ta tsaf.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma son a yaba ya sa na ce a darasin aikin hannu kowa ya gina gidan Bature da laka, mu jera a gefen taga don baƙon da ke tafe. Suka ɗebo laka daga inda gulbi ya janye, aka yi ta gini kwana uku. Na Hassi ya fi na kowa, don babanta ya sa hannu. Shi ne ma ya aiko ta da gyara: ya ce rumbu ba ya zama baki buɗe, kuma dole a san ta inda za a hau a ɗebo. Sai ga gidanta da ɗan jinka na ciyawa a kife bisa abin, da tsani na karan dawa a jingine. Washegari kowane gida ya sami jinka da tsani. Na ba ta maki goma bisa goma (har da “da kyau” da jan biro).

Ran da mai dubawa ya zo, da hantsi, dattijo ne siriri mai tabarau. Ya zauna a bencin baya, hedimastanmu Malam Garba na tsaye kusa da shi. Darasi ya tafi sumul. Na nuna, suka faɗa, na nuna, suka faɗa. Har na fara lissafa irin godiyar da za ni yi.

Sai dattijon ya miƙe ya nufi taga. Ya ɗauki gidan Hassi, ya juya shi, ya ɗage jinkan da yatsa ya leƙa ciki. Ya tambayi mai shi da Turanci mene ne wannan, ta faɗi sunan daidai. Ya ce madalla, me ake yi da shi? Ta ƙame kamar soja ta zuba masa jimlata. Sauran kuma, da yake na saba musu da amshi, suka ɗauka baki ɗaya har sau biyu.

Ya cire tabarau. Ya koma Hausa.

“Ɗiyata, wa yag gaya miki?”

Yatsu arba'in da wani abu suka nuno ni. Malam Garba ya ɗaga kai yana ƙirga azarar rufi.

Ya kira ni waje, gindin itacen bedi. Ashe mutumin ya yi shekara guda a Ingila wajen kwas.

“Malam, ka taɓa ganin wanga abu?”

“Ban taɓa ba, ranka shi daɗe.”

“To mi ya hana ka ce ba ka sani ba?”

“Kunyar yara, ranka shi daɗe.”

Ya bayyana mini cewa ƙasar sanyi ce, cikin ɗaki suke hura wuta, wannan kuwa hanyar fitar hayaƙi ce kawai. “Da jinkan da kunka kifa mishi,” in ji shi, “ko mutum guda ba ya fita da rai.” Dariya ta ci ƙarfinsa har ya dafa itacen. Ni ban yi ba, fuskar babana nake gani da bakin rumbunmu.

Da ya natsu sai ya ce, “Ban rubuta komi ba tukuna. Koma ka warware musu da bakinka, ina tsaye.”

Na koma. Ban taɓa jin aji ya yi mini faɗi kamar ranar ba. Na ce abin da na faɗa musu ba haka ba ne, ni na ƙaga shi, ga gaskiyar magana. Sai hannun Hassi ya sake tashi, na ji kamar in roƙe ta don Allah.

“To Malam, ina Turawa ka aje hatsinsu?”

Kun san wani abu? Sabuwar amsa har ta iso bakina, wai a rami suke binnewa ƙarƙashin ɗaki, kuma ta yi kyau ƙwarai. Na saci kallon dattijon, na ga biro a hannunsa. Na haɗiye ta da ƙyar.

“Ban sani ba.”

Hassi ta dubi ɗan gidanta ta ce, “Allah sarki, ashe su ma ba su da rumbu.” Dattijon ya sunkuya ya yi rubutu.

Bayan mako uku takarda ta zo, an tabbatar da ni. Sunan “Malam Rumbu” kuwa ya bi ni har na yi ritaya, kuma har gobe in na shiga kasuwar Isa sai wata mai jikoki ta durƙusa ta gaishe ni da shi, ba ko murmushi. Na karɓa, ni na saya wa kaina. Abin da na koya dai shi ne, duk Turancin da na kwaso ya kusa kwanar da mutum goma sha ɗaya da yunwa, “ban sani ba” ta Hausa ce ta ciyar da su.